Song Ci, alƙalin da ya rubuta yadda aka kafa hujja da ƙudaje

An haifi Song Ci a shekarar 1186 a Jianyang da ke lardin Fujian na ƙasar Sin, a zamanin daular Song ta Kudu.

Ya ci babbar jarrabawar shiga aikin gwamnati a 1217, daga bisani kuma ya zama mai sa ido kan shari'o'in manyan laifuka a larduna irin su Guangdong da Hunan.

Abin da ya fi ci masa tuwo a ƙwarya shi ne yadda jami'ai ke ƙyamar kusantar gawa, su bar wa na ƙasa da su aikin dubawa, alhali da wannan rahoton ake yanke wa mutum hukuncin kisa.

A 1247 ya kammala littafinsa, Xi Yuan Ji Lu, wanda ake ɗauka a matsayin mafi daɗewa da ya tsara binciken gawa domin shari'a.

Shaidar lauje

Labarin da ya fi fitar da sunansa shi ne na wani mutum da aka kashe da sara a bakin hanya.

Mai binciken ya lura cewa raunukan na lauje ne, sai ya sa mutanen yankin suka jera laujunansu a ƙasa, ana tsananin zafi.

Dukkansu tsaf suke a ido, amma ƙudaje suka taru a kan guda ɗaya, saboda ƙarnin jinin da ya rage a jikinsa. Mai laujen ya amsa laifinsa. Ashe rigimar bashi ce.

Song Ci ya kuma bayyana yadda gawa ke saurin ruɓewa da fitar da tsutsa lokacin zafi fiye da lokacin sanyi.

Wannan ɓangaren ne masana suka faɗaɗa. Ƙudajen nan masu ƙyallin kore ko shuɗi kan yi ƙwai a kan gawa jim kaɗan bayan mutuwa. Idan tsutsotsin suka ƙoshi, sai su bar gawar, su yi rarrafe zuwa wasu mitoci su shige ƙasa kafin su rikiɗa.

Shi ya sa masu bincike ke tona ƙasar da ke kewaye, domin waɗanda suka riga barin gawar ne suka fi girma, kuma da su ake ƙiyasta lokacin mutuwa.

Song Ci ya rasu a birnin Guangzhou a 1249. Sai a 1894 Bafaranshe Jean-Pierre Mégnin ya wallafa nasa littafin kan ƙwarin gawa.