Tarihin Enriko Karuso, mawaƙin da muryarsa ta buɗe wa garmaho kasuwa

Mutumin da muka ɗauko tarihinsa a yau Bature ne ɗan ƙasar Italiya, sunansa Enriko Karuso. Ya mutu tun shekara ta 1921, amma har gobe masu sha'awar kiɗan asali na Turawa suna neman faya-fayansa. Duk mai saye da sayarwa ya kamata ya san labarinsa, domin yana cikin na farko da suka gane cewa murya ma haja ce da za a ɗaure a kai ta wata ƙasa, mai ita yana zaune gida.

An haife shi a birnin Napoli ranar 25 ga watan Fabrairu, 1873, a gidan talakawa. Mahaifinsa makanike ne, kuma tun yana ɗan shekara 11 aka kai shi koyon sana'a wurin wani mai ƙera famfunan ruwa na bakin titi. Mahaifiyarsa, wadda ita ce take ƙarfafa masa gwiwa kan waƙa, ta rasu a 1888. Daga nan ya riƙa waƙa a tituna da wuraren shan gahawa don ya sami na abinci. Malamin da ya koyar da shi, Vergine, bai karɓi ko kwabo ba da farko, sai dai ya sa yaron ya sa hannu kan takardar cewa zai ba shi kashi 25 cikin ɗari na abin da zai samu a shekara biyar na waƙa. Da arziki ya zo sai rigima ta tashi kan yadda za a ƙirga shekarun nan, har maganar ta kai kotu. Wanda ya taɓa sa hannu a takarda lokacin da yake cikin matsi ya san yadda irin wannan take ƙarewa.

Irin waƙar da ya ƙware a kai ita ce opera, wato wasan kwaikwayon da ake yi da waƙa daga farko har ƙarshe, makaɗa masu yawa suna raka shi. Ya fara fitowa a 1895, kuma a ƙarshen 1900 ya kai ga La Scala, babban gidan opera na Milan. Amma da ya koma garinsu a ƙarshen 1901 bai sami tarbar da ya zata ba, abin ya yi masa ciwo, bai sake yin wasa a Napoli ba har ya mutu.

Ranar da ta canza masa rayuwa ita ce 11 ga Afrilu, 1902. Wani Ba'amurke mai suna Fred Gaisberg, wakilin kamfanin Gramophone na Landan, ya kafa na'urarsa a wani ɗakin otal a Milan, Karuso ya zo ya yi waƙoƙi goma, mai fiyano ɗaya yana raka shi, aka biya shi fam 100 na Ingila. A wancan lokaci masu kuɗi suna kallon garmaho kamar abin wasan yara, manyan mawaƙa da yawa kuma suna gudunsa don yana ɓata musu murya. Suna da hujja. Babu makirufo, babu lantarki a aikin. Mawaƙi yakan tsaya ne gaban wani ƙaton mazurari ya rera, ƙarfin muryarsa kaɗai ke girgiza allura tana zana layi a kan kakin zuma, daga nan a buga faifai. In ya yi kuskure sai a sake daga farko. Siririyar murya da goge ba sa fita da kyau, amma muryar Karuso mai kauri da ƙarfi ta dace da na'urar sosai, tana danne ƙarar allura. Mutane suka shiga sayen garmaho don kawai su ji shi.

Faya-fayan suka riga shi isa wuraren da bai taɓa takawa ba. A watan Mayun 1902 ya yi wasa a Landan, sannan ranar 23 ga Nuwamba, 1903 ya fara aiki da gidan opera na Metropolitan a Niyok, inda ya fito sau 863. Daga 1904 ya koma ɗaukar waƙa da kamfanin Victor na Amurka, kuma ba a biya shi sau ɗaya an sallame shi ba, yana da kaso a cikin ciniki. Abin da ya samu daga faya-fayai kaɗai ya haura dala miliyan guda. A ganinmu nan ne ya nuna ya koyi darasi daga takardar malaminsa. Wadda ta fi shahara ita ce Vesti la giubba, waƙar ɗan wasan barkwanci da ya gano matarsa tana cin amanarsa, amma dole ya fita ya ba jama'a dariya. Ana lissafa ta cikin waƙoƙin farko da cinikinsu ya kai faifai miliyan. Kamfanin Gramophone ɗin nan kuwa, mai tambarin kare yana sauraron mazurari, shi ne daga baya ya riƙa turo garmaho da faya-fayai kasuwannin Afirka ta Yamma.

Yana San Faransisko lokacin girgizar ƙasa ta 1906, ya tsira. A 1920 an biya shi dala 10,000 kowane dare a Habana ta ƙasar Kyuba. Sai dai mutum ne mai shan taba ba kama hannun yaro, ga aiki ba hutu. Ranar 11 ga Disamba, 1920 jini ya ɓalle masa a maƙogwaro yana tsakiyar wasa, aka tashi ba a gama ba. Wasansa na ƙarshe ya yi shi ranar 24 ga watan. Ciwon ƙirji ya kwantar da shi, aka yi masa aiki sau da dama, ya koma Napoli, inda ya mutu ranar 2 ga Agusta, 1921 yana da shekara 48.

Ɗaukar murya da lantarki ta zo a 1925, shekara huɗu bayan mutuwarsa, don haka duk faya-fayansa kusan 250 da mazurari aka yi su. Wanda zai saurare su kada ƙarar shuu ta farko ta kore shi, bayan ɗan lokaci kunne yakan saba da ita. Ba sai an ji Italiyanci ba, kamar yadda da yawanmu suka daɗe suna jin daɗin waƙoƙin Indiya. Abin lura shi ne yadda yake jan numfashi ɗaya ya kai shi nesa, da yadda yake hawa sama muryar ba ta tsinke ba. Kowace waƙa ba ta wuce minti huɗu da 'yan kai, domin iyakar abin da fuskar faifai take ɗauka ke nan. A 1932 kamfanin RCA ya ɗora sabon kiɗa a kan wasu daga ciki, a 1976 kuma aka fara tace su da kwamfuta don rage ƙarar mazurari. Mu dai mun fi son waɗanda ba a yi musu ƙari ba.