MARI KURI: AN HANA TA KUJERA, AIKINTA YA BA TA GIRMA

Kowa ya san daɗin a kira sunansa a gaban jama'a a miƙa masa kyauta. To, manyan malaman jami'a ma haka suke. Suna da lambobin girma da majalisu na masana, kuma ba a shiga sai wani ya gabatar da sunan mutum, an jefa masa ƙuri'a. Tarihin Mari Kuri zai nuna mana yadda wannan al'amari yake.

An haife ta a birnin Warso na ƙasar Polan a 1867, lokacin ƙasar tana hannun Rasha. Mahaifinta malamin makaranta ne. A zamanin nan ba a ɗaukar mata a jami'ar garinsu, saboda haka ta yi shekaru tana koyar da 'ya'yan masu hali a gidajensu, tana aika wa yayarta kuɗin karatun likita a Paris. A 1891 ita ma ta tafi, ta shiga Jami'ar Sobon. Ga sanyi, ga yunwa, amma a 1893 ita ta zo ta ɗaya a jarrabawar digirin fiziks. A 1895 ta auri wani masani mai suna Piyer Kuri.

Wani Bafaranshe, Bekerel, ya gano a 1896 cewa yuraniyam yana fitar da wani haske wanda ido ba ya gani. Mari ta ɗauki wannan ya zama abin bincikenta. A 1898 ita da mijinta suka gano sababbin sinadarai biyu, poloniyam da radiyam. A cikin wata tsohuwar rumfa mai yoyo suka yi ta dafa baƙin dutse tan-tan, sai a 1902 ta samu gishirin radiyam wanda bai wuce kashi ɗaya cikin goma na giram ba.

Daga nan maganar lambar girma ta taso. A 1903 wasu manyan masanan Faransa suka rubuta zuwa Suwidin suna gabatar da Bekerel da Piyer don lambar yabo ta Nobel, suka tsallake sunan Mari. Wani masanin lissafi na Suwidin, Mitag-Lefla, ya sanar da Piyer abin da ake ciki. Piyer ya amsa cewa in har za a yaba aikin, to dole a haɗa da matarsa. Da haka ta zama mace ta farko da ta samu wannan lamba. Da mutanen nan biyu sun yi shiru, da haƙƙinta ya salwanta.

Shi Piyer bai iya kamun ƙafa ba. Al'adar Majalisar Masana Kimiyya ta Faransa ita ce, mai son kujera ya bi 'yan majalisa gida gida yana bayyana ayyukansa. Ya yi haka a 1902 ba da son ransa ba, ya faɗi, sai a 1905 aka zaɓe shi. Da aka so ba shi lambar girma ta gwamnati kuwa ƙi ya yi, ya nuna ɗakin bincike ya fi bukata. A 1906 keken doki ya take shi a titi ya mutu. Jami'ar ta ba Mari gurbinsa, ta zama mace ta farko da ta koyar a can.

A ƙarshen 1910 abokan aikinta suka lallashe ta ta nemi kujera a majalisar nan. Ta daure ta bi gidajen dattawa kamar yadda aka saba. Abokin takararta, Biranli, dattijo ne wanda ya yi aiki mai kyau a kan aika saƙo ba tare da waya ba. Amma maimakon a auna aiki da aiki, sai wasu jaridu suka shiga cewa ita mace ce, kuma baƙuwa. A watan Janairu 1911 aka jefa ƙuri'a, ya samu 30, ta samu 28. Ba ta sake neman kujerar ba har abada, ta koma ɗakin bincikenta. Zakaran da Allah ya nufa da cara, ko ana muzuru ana shaho sai ya yi. Kafin shekarar ta ƙare aka ba ta lambar Nobel ta biyu, a fannin kemistiri, ita kaɗai.

Ba ta zauna tana kallon lambobinta ba. Da yaƙin duniya ya ɓarke a 1914, ta shirya motoci wajen 20 masu na'urar ɗaukar hoton ƙashi don duba sojojin da suka ji rauni. Tun farko ma ita da mijinta sun ƙi mallake hanyar tace radiyam don neman kuɗi, suka bar wa duniya. A 1922 Majalisar Likitoci ta Faransa ta zaɓe ta. Ta mutu a 1934 sanadiyyar ciwon jini, wanda ake dangantawa da hasken da ta daɗe tana aiki da shi. Majalisar da ta ƙi ta kuwa ba ta karɓi mace ba sai a 1962, kuma wadda aka karɓa ɗalibarta ce, Magarit Pere.

Jama'a, neman girma ba laifi ba ne, kuma wanda ya ga ana danne haƙƙin wani ya kamata ya yi magana, kamar yadda Piyer ya yi. Amma ƙuri'a a hannun mutane take, mutane kuwa sukan yi son zuciya. Abin da ke hannunmu shi ne aiki. In an kira sunanka ranar ba da kyaututtuka, ka gode wa Allah. In ba a kira ba, kada ka ajiye littafi. Allah ya ba mu ilmi mai amfani, amin.