Likita Bilharz, Wanda Ya Gano Tsutsar Tsargiya

 Yau tarihin wani likita Bajamushe na kawo muku, wanda ya rasu tun fiye da shekara 160 da suka wuce, kuma bai taɓa taka ƙasar Hausa ba. To, me ya haɗa mu da shi? Abin da ya haɗa mu shi ne tsargiya. Uwar da ke zaune a Jega, ko Aliero, ko Maiyama, ba sai an gaya mata ba, ta san ranar da akan ɗauki wandon yaro za a wanke a tarar da ɗigon jini. Wasu su ce zafin rana ne, wasu su ce alamar balaga ce, zai bari da kansa. Wannan likita shi ne mutum na farko da ya ga ainihin abin da ke kawo jinin da idonsa.

Sunansa Theodor Bilharz. An haife shi ran 23 ga Maris, 1825, a wani ƙaramin gari mai suna Sigmaringen, a kudancin Jamus. Ya fara karatun jami'a a Freiburg, sa'an nan ya koma Tubingen inda ya koyi aikin likita. Bayan haka ya zauna a hannun wani babban malami, Carl von Siebold, wanda ya shahara wajen sanin tsutsotsin da ke rayuwa cikin jikin mutum da dabba. A wurinsa ne saurayin ya koyi haƙurin zama gaban madubin likita, wuni guda yana duban abin da ido ba ya iya gani.

A cikin 1850 aka kira wani tsohon malaminsa, Wilhelm Griesinger, ya je Masar ya shugabanci aikin kiwon lafiya. Ya tafi da Bilharz don ya zama mataimakinsa, lokacin yana da shekara 25 kacal. Aka sa shi aiki a asibitin Kasrul Aini da ke Alkahira. A can ya tarar da abin da bai taɓa gani ba a ƙasarsu, watau manoman bakin Kogin Nilu, manya da yara, suna fitsarin jini, har mutane sun ɗauke shi kamar ba ciwo ba. Ciwon kuwa tsoho ne ƙwarai a ƙasar, domin a 1910 an sami ƙwansa cikin gawarwakin mutanen zamanin Fir'auna, waɗanda suka yi wajen shekara 3,000 da mutuwa.

A cikin 1851, yana binciken wata gawa a asibitin, sai ya ga wata 'yar farar tsutsa cikin jijiyar da ke kai jini hanta. Tsawonta bai wuce faɗin farcen babban yatsa ba. Da ya ƙara dubawa a wasu gawarwaki, sai ya ga abin mamaki, ashe mace da namiji ne. Namijin yana da wani kwari a jikinsa, macen kuwa, siririya kamar zare, tana kwance a ciki, haka suke zaune tare cikin jini. Daga baya ya sami ƙwan tsutsar a bangon mafitsara da cikin fitsarin marasa lafiya, kowane ƙwai da 'yar ƙaya a ƙarshensa. Nan ya gane cewa ƙwan nan ne ke huda mafitsara ya fito, shi ne jinin da ake gani. Ya riƙa rubuta wa malaminsa Siebold wasiƙu yana bayyana abin da ya gani, aka buga su a 1852. Ba da daɗewa ba likitoci suka laƙaba wa ciwon sunansa, shi ya sa har yau ake jin ma'aikatan asibiti suna cewa bilhaziya.

Ba tsutsa kaɗai ya bincika ba. Kifin nan da masuntanmu suka sani, minjirya, mai fizgar hannun wanda ya taɓa shi, akwai shi a Nilu, kuma Bilharz ya wallafa littafi a 1857 kan gaɓar da ke ba shi wannan ƙarfi. A 1856 kuwa aka naɗa shi malamin ilmin sassan jiki a makarantar likitoci ta Alkahira.

Amma kwanansa bai yi tsawo ba. A 1862 ya raka wani basaraken Jamus, Ernst na Biyu, tafiya zuwa Masawa, a gaɓar Bahar Maliya, cikin ƙasar da yanzu ake kira Iritiriya. Zazzaɓi mai zafi ya kama wasu daga cikin ayarin, ya tsaya yana jinyarsu, shi ma ya kamu. Ya rasu a Alkahira ran 9 ga Mayu, 1862, yana da shekara 37, a can kuma aka binne shi. Masar ba ta manta da shi ba, akwai babbar cibiyar bincike a Giza mai ɗauke da sunansa.

Ya rasu da sauran abu biyu da ba a kai ga ganowa ba, kuma su ne suka fi shafarmu. Na farko, ta ina tsutsar ke shiga jiki? Sai a 1915 wani likita, Robert Leiper, ya warware wannan a Masar. Idan mai tsargiya ya yi fitsari cikin ruwa, ƙwan yakan ƙyanƙyashe, abin da ya fito ya shiga jikin ƙaramar katantanwa ta ruwa. Bayan 'yan makonni sai dubban 'ya'yan tsutsa su fito daga katantanwar suna iyo. Wanda duk ya shiga ruwan, ta fata suke huda shi, ba sai ya sha ba. Ke nan yaron da ke wanka a gulbin Zamfara a Jega, da mai ban ruwan albasa a lambun Aliero, da yarinyar da ke wanki a tafki a ƙauyukan Maiyama, duk hanya ɗaya ce idan ruwan na da irin wannan katantanwa.

Na biyu, ina ƙarshen wanda aka bari ba magani? A 1911 wani likita mai suna Ferguson, shi ma a Alkahira, ya nuna cewa da yawa daga masu ciwon dajin mafitsara tsofaffin masu tsargiya ne. A 1994 hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sa tsutsar nan cikin jerin abubuwan da aka tabbatar suna kawo ciwon daji ga ɗan Adam. Nan kusa da mu ma, likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato sun ba da rahoto a 2007 cewa dajin mafitsara yana cikin waɗanda suka fi yawa ga mazan da ake kawo musu, kuma galibi irin wanda ke biyo bayan tsargiya ne.

Ga yadda abin ke faruwa. Jikinmu an gina shi da ƙananan ƙwayoyin halitta, kamar yadda ake gina ɗaki da tubali, kowace ƙwaya kuma tana ɗauke da tsarin gado da ke gaya mata lokacin da za ta hayayyafa da lokacin da za ta tsaya. Ba dukkan ƙwan tsutsa ke fita da fitsari ba, da yawa sukan maƙale a bangon mafitsara. Sai wurin ya yi ta kumburi, yana miki yana warkewa, shekara da shekaru. Ƙwayoyin cuta kuma su sami wurin zama cikin fitsarin, suna haifar da wata guba. Kumburin da gubar su ke ɓata tsarin gadon nan kaɗan kaɗan. Cikin abin da sukan ɓata har da wani sashe da masana suka gano a 1979, suka sa masa suna p53, wanda aikinsa kamar na mai gadi ne, shi ke tsayar da ƙwayar da ta lalace. Ran da mai gadi ya faɗi, sai ƙwayoyin su yi ta yaɗuwa ba ƙaƙƙautawa. Wannan shi ne ciwon daji, ko sankara. Yakan ɗauki shekaru masu yawa, shi ya sa jinin da aka raina a wandon ɗan shekara 10 kan dawo masa lokacin da ya zama magidanci.

Taba sigari ma mai gadin nan take kai wa hari. Tun 1950 likitoci a Ingila da Amurka suka nuna cewa ita ce babbar mai kawo dajin huhu, a 1996 kuma aka ga yadda wata guba ta hayaƙinta ke manne wa p53 ɗin kansa. Gubar taba ba a huhu take tsayawa ba, takan bi jini, ƙoda ta tace ta, ta taru a mafitsara. Don haka maigidan da ya yi tsargiya yana yaro, yanzu kuma yana shan taba, kaya biyu ya ɗora wa mafitsararsa.

Mu ma mata ba mu tsira ba. Ƙwan tsutsar kan sauka a mahaifa da al'aura, ya kawo ciwon mara, da zubar ruwa ko jini, wani lokaci har ya hana haihuwa. 'Yan mata da yawa kunya kan hana su faɗa, don gudun kada a zarge su da abin da ba su yi ba. Uwa, ki ja 'yarki a jiki ki tambaye ta a hankali.

Abin da Bilharz bai samu ba, mu mun samu, watau magani. Tun cikin shekarun 1970 aka fito da ƙwayar furazikwantel, wadda ke kashe tsutsar. A makarantu akan auna tsawon yaro a ba shi daidai da shi, kuma ya kamata ya ci abinci kafin ya sha. Idan masu rabon sun zo, kada ki hana ɗanki. Idan kin ga jini, ki kai shi asibiti a auna fitsarinsa. Ku sani kuma maganin ba ya hana sake kamuwa, saboda haka a hana yara fitsari cikin gulbi da tafki. Ruwan da aka ɗebo daga can don wanka, a tafasa shi, ko a ajiye shi a randa kwana biyu, 'ya'yan tsutsar za su mutu. Babban mutum kuwa da ya ga jini a fitsarinsa, ko da sau ɗaya ne, ko da babu zafi, kada ya tsaya jiƙe-jiƙe, ya nemi likita tun da wuri.

'Yan makaranta, ku tuna wannan mutum yana da shekara 26 ya gano abin da ya gagari mutane shekaru dubbai, don kawai bai yarda ya raina abin da kowa ya saba gani ba.