Alhaji Abubakar Imam da Littattafan Yara

An haifi Abubakar Imam a Kagara cikin shekara ta 1911. Ubansa, Malam Shehu Usman, malami ne, saboda haka tun yana ƙarami ya sami Larabci a gida. Ya shiga Kwalejin Katsina a 1927, ya fita a 1932. A can ya tarad da Ahmadu ɗan Sarkin Rabah, wanda daga baya ya zama Sardaunan Sakkwato, yana gaba da shi da shekara guda. Da ya gama, aka ba shi koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina. Watau malamin aji ne kamar yadda mu ke shirin zama, ya kuwa san yadda yaro ke hamma in an ɗora masa karatun da ba shi da daɗi.

A 1933 Dokta East na Ofishin Fassara a Zariya ya zaga ƙasa yana neman malaman da za su rubuta labari da Hausar boko, gama yara sun koyi haɗa baƙaƙe, amma in sun fita aji ba su da abin karantawa. Littattafai biyar aka buga daga wannan gasa. Akwai Ganɗoki na wansa, Malam Bello Kagara, akwai Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, akwai kuma Ruwan Bagaja na Imam, wanda ya rubuta yana da shekara 22. Labarin tafiya ne tun daga farko har ƙarshe. Alhaji ya bar gida neman ruwan da zai warkad da ɗan sarki, yana faɗa wa wannan gari yana fita wancan, Malam Zurƙe yana biye da shi da sharri, shi ma yana ramawa. Duk yaron da ya karanta shi sai ya ji ƙafarsa na ƙaiƙayi.

A 1936 aka ɗauke shi zuwa Zariya wata shida, aka tara masa littattafan labarun Larabawa da na Indiya da na Turai. Ya karanta su, ya tuɓe musu tufafinsu, ya sa musu riga da rawani. Abin da ya fito shi ne Magana Jari Ce, littafi uku.

To, a nan akwai abin da ya kamata mu lura. A littafi na fari, aku yana ba Musa ɗan sarki labari kowane dare don ya hana shi fita, har gari ya waye, domin Waziri ya shirya masa makirci a waje. Labari ya zama mari a ƙafar yaro. Dabara ce mai kyau ga aku, tun da rai ya ke tsarewa. Amma da yawa daga cikin malamai sun ɗauki aikin aku sun mai da shi nasu ba tare da wani Waziri a bakin ƙofa ba: a zaunad da yara kan benci, wannan ya karanta layi uku, wancan ya ɗora, a ba da shifta, a tashi. Mu a ganinmu wannan ɓarnar littafi ce.

Kowa ya dubi ginin labarun zai ga ba don zama aka yi su ba. Maganganu gajeru ne, kowane mutum da irin bakinsa, sarki daban, bafade daban, wawa daban. Ku ɗauki labarin Kalala da Kalalatu, inda matar ta cinye kaji, ta tsorata baƙo da cewa kunnuwansa za a yanke, mijin ya bi shi a guje da wuƙa a hannu yana roƙon ɗaya kawai. Yara uku da guntun kara sun isa, sauran aji su zama 'yan kallo, gobe a sāke. Yaron da ya yi gudun nan a filin makaranta ba ya bukatar a tambaye shi ma'anar labarin. Haka Sarkin Busa, wanda ya ke ɗaukar aji duka, har da ƙananan da ba su iya karatu ba tukuna, don su ne za su bi mai sarewa.

A watan Janairu na 1939 aka fara Gaskiya Ta Fi Kwabo, Imam ne editanta na Hausa na farko. A 1943, ana tsakiyar yaƙi, ya bi jirgin ruwa zuwa Ingila tare da 'yan jaridun Afirka ta Yamma, cikinsu har da Azikiwe, ya kuma gana da Lugga. Da ya komo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi, aka buga a 1944. Abin da Alhaji na Ruwan Bagaja ya yi a takarda, yanzu marubucin ya yi shi da ƙafarsa, ya zo ya faɗa wa waɗanda ba su je ba.

Akwai kuma Ikon Allah, wanda suka yi shi da East a kan halittu da yadda duniya ta ke. Ba a cika ambatonsa ba, ga shi kuwa shi ne ya fi bukatar a rufe shi a fita waje. Wanda aka tura koyarwa Wurno ko Goronyo yana da gulbin Rima da fadamarsa kusa da aji, da tsuntsayen ruwa da kwaɗi da gonakin albasa da shinkafa. Tafiyar rabin sa'a da yara, kowa ya komo da ganye ko ƙwaro ko tambaya, sa'an nan a buɗe littafi a nemi abin da aka gani.

Daga baya siyasa da aikin gwamnati suka ja shi, ko da ya ke bai ajiye alƙalami ba, ya rubuta littattafan addini da na tarihi. Ya rasu a Zariya ran 19 ga Yuni, 1981, yana da shekara 70. Allah ya jiƙansa.