Rowland Bingham, Wanda Ya Koma Hannu Wofi

A shekara ta 1893 Rowland Bingham ya sauka Ikko tare da Walter Gowans da Thomas Kent, domin su kai bishara ƙasar Hausa. Zazzaɓi ya tsare shi a can. Cikin 1894 Gowans ya mutu a Girku, Kent kuwa a Bida. Bingham ya koma gida, bangaskiyarsa ta raunana ƙwarai. Ya sake zuwa a 1900, ciwo ya sake komar da shi. Amma a 1902 abokan aikinsa suka kafa mishan a Patigi, daga aikin nan kuwa ECWA ta fito a 1954. Shi bai gani ba, gama ya rasu a 1942.

'Yan'uwa na Gauraka, sa'anda al'amura suka fi ƙarfinmu, ba su fi ƙarfin Ubangiji ba. Bari mu karanta Romawa 8:28.