Waliyyi Patrick: Makiyayin da Aka Sace

Ranar 17 ga watan Maris ita ce idin Waliyyi Patrick, wanda aka naɗa majiɓincin Nijeriya a shekara ta 1961. A ƙasar Ailan ranar hutu ce tun 1903. Mutane sukan je Misa da safe, da ɗan ganye mai kunne uku maƙale a ƙirji, sa'an nan su koma gida su ci naman alade da kabeji da dankalin turawa, a yi kiɗa da rawa, ko da yake lokacin Azumi ne. Amma mutumin da ake yin walimar dominsa bai taɓa ɗanɗana dankali ba, gama sai bayan shekara dubu da mutuwarsa aka kai irinsa Ailan. Abin da ƙasar ta fara ba shi shi ne yunwa da bauta.

Patrick ba ɗan Ailan ba ne. An haife shi a Birtaniya wajen ƙarshen ƙarni na huɗu, a zamanin mulkin Romawa. Mahaifinsa Calpurnius dikon ne, kakansa Potitus kuwa firist, duk da haka shi da kansa ya shaida cewa bai kula da Allah ba a ƙuruciyarsa. Yana da shekara kusan 16 mahara suka zo ta teku, suka kwashe shi tare da mutane masu ɗumbin yawa zuwa Ailan. Shekara shida ya yi yana kiwon dabbobin ubangidansa.

Mu da muke ganin yara makiyaya a karkarar Jabo da Tambuwal da Kebbe mun san wahalar wannan aiki. Waɗansunmu kuma, a cikin waɗannan shekaru na garkuwa da mutane, sun san zaman gidan da aka ɗauke wa ɗa. A can jeji ne yaron ya koyi addu'a, har sau ɗari da rana, kusan haka kuma da dare, cikin ruwa da matsanancin sanyi.

Wata rana aka faɗa masa cikin mafarki cewa jirginsa yana jira. Ya gudu, ya yi tafiyar mil wajen ɗari biyu har bakin teku. Da suka haye, sai suka yi kwana 28 cikin jeji, guzuri ya ƙare, mutane suka fara faɗuwa. Shugaban jirgin ya yi masa gori a kan Allahnsa. Patrick ya gargaɗe su su juyo ga Ubangiji, sai ga garken aladu a kan hanya. Suka yanka, suka ci kwana biyu. Suka kuma sami zuma, amma da ya ji an miƙa ta hadaya ga gumaka, bai taɓa ta ba.

Ya koma gida, iyayensa suka roƙe shi kada ya sake barinsu. Sai ya sake yin mafarki, ya ji muryar mutanen Ailan suna kiransa ya komo. Ya yi karatu, aka keɓe shi bishop, ya koma wurin waɗanda suka bautar da shi, bisa ga al'adar Ikilisiya a shekara ta 432. Ya yi wa dubbai baftisma, ya keɓe firistoci. Kayan adon da mata suka ajiye masa a kan bagade, mayar musu ya yi. An taɓa ɗaure shi da sarƙa kwana 14.

Labarin korar macizai da na ganyen da ya bayyana Triniti Mai Tsarki da shi, daga baya aka ƙaro su. A ganinmu wasiƙar da ya rubuta da hannunsa ta fi su nauyi. Sojojin wani sarki mai suna Coroticus, waɗanda suke kiran kansu Kirista, sun faɗa wa sababbin masu bi kashegarin baftismarsu, man keɓewa bai bushe a goshinsu ba. Suka kashe waɗansu, suka kwashe saura don sayarwa. Patrick ya aiki firist ya roƙa a sako su, aka yi masa dariya. Sai ya rubuta ya hana kowane mai bi ci ko sha tare da maharan, ko karɓar sadakarsu, sai sun tuba sun saki bayin.

Ya rasu a shekara ta 461 bisa ga al'adar Ikilisiya, ana kuma girmama kabarinsa a Downpatrick. Yunwar da ta fara a 1845, sa'ad da cuta ta lalata dankali, ta kashe mutanen Ailan kimanin miliyan ɗaya, ta kori kamar haka zuwa Amurka da sauran ƙasashe, suka tafi da idinsa duk inda suka sauka. A 1932 aka kafa ƙungiyar firistoci mai ɗauke da sunansa a Kiltegan domin aikin bishara a Nijeriya. Suka fara daga Kalaba da Ogoja, daga baya suka iso Minna.