PIYAR KURI (1859-1906): MUTUMIN DA YA MATSA DUTSE YA FITAR DA LANTARKI

Duk inda aka ambaci sunan Kuri, hankalin mutane kan tafi ga Mari, matar da ta ci kyautar Nobel har sau biyu. Amma mijinta, Piyar, ya riga ya yi abin a-zo-a-gani tun kafin su haɗu.

An haife shi a birnin Faris na ƙasar Faransa ranar 15 ga Mayu, 1859. Mahaifinsa likita ne, kuma a gida ya yi karatunsa na farko. A shekarar 1880, shi da wansa Jak suka gano cewa idan aka matsa wasu duwatsu masu sheƙi, irin su kwaz, sai lantarki ya bayyana a gefensu. A 1881 suka tabbatar da akasin haka: idan aka sa wa dutsen lantarki, sai ya ɗan miƙe ko ya tsuke. Da wannan dabara agogon kwaz da na'urar duba cikin masu juna biyu suke aiki.

A 1895 ya nuna cewa ƙarfe yakan rasa halinsa na maganaɗisu idan zafi ya wuce wani mataki, wanda yanzu ake kira da sunansa. A shekarar ce ya auri Mari. Da na'urar kwaz da 'yan'uwan biyu suka ƙera ta yi awon da ya kai su ga gano radiyam a 1898. Sun sami kyautar Nobel a 1903 tare da Bekerel.

Tasirin bincikensa bai tsaya nan ba. Akwai sinadarai masu riƙe lantarki a jikinsu, waɗanda idan suka huce ƙasa da matakin Kuri sukan rabu yanki-yanki, kowane yanki da inda lantarkinsa ya fuskanta. Idan aka shimfiɗa su sirara-sirara a kan wani abu, abin da ke ƙasa yakan ja su ko ya matse su, sai yankunan su jeru layi-layi don rage matsin. Sanin wannan jeri yana taimakawa wajen ƙera ma'ajiyar bayanai ta kwamfuta.

Ajali ya riske shi ranar 19 ga Afrilu, 1906. Yana tsallaka titi a Faris cikin ruwan sama ya zame, keken doki ya take shi, yana ɗan shekara 46. Mari ce ta gaji kujerarsa ta koyarwa a jami'ar Sobon.